Ernest Rutherford: Ɗan manomin da ya leƙa cikin ƙwayar zarra, kuma malamin shugaban ABU na farko

Duk wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya san ɗakin kwanan ɗalibai da ake kira Alex. An raɗa masa sunan ne don tunawa da Sir Norman Alexander, shugaban jami'ar na farko, wanda ya jagorance ta daga buɗe ta a 1962 zuwa 1966.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Alexander malamin fiziks ne ɗan ƙasar Niyu Zilan, kuma a ɗakin binciken wani ɗan ƙasarsu ya samu horo a Cambridge ta Ingila. Sunan wannan malami Ernest Rutherford.

Rutherford ne ya gano yadda cikin ƙwayar zarra yake, wato ɗan mitsitsin abin nan da aka gina komai da shi, daga ruwan randa har ƙarfen wayar da ke hannunka. Dabarar da ya bi ita ce harba ƙananan ƙwayoyi masu gudu a kan fallen ƙarfe marar kauri, sannan a lura da inda suke nufa bayan sun ratsa. Shi ne kuma ya gano ƙwayar furoton, ya raɗa mata suna.

Ya rasu fiye da shekara 85 da suka wuce. Amma tarihinsa ya shafi duk iyayen da ke tambayar ɗansu mai karanta fiziks abin da zai ci da wannan karatu, ya kuma shafi duk gwamnatin da ke jinkirta biyan tallafin ɗalibai. Sau uku tallafin karatu yana ɗaga shi daga mataki zuwa mataki, kuma saura ƙiris na ukun ya kuɓuce masa.

Ɗa na huɗu cikin 12

An haifi Ernest Rutherford ranar 30 ga Agustan 1871 a wani ƙauye kusa da garin Nelson, a tsibirin kudu na Niyu Zilan, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Birtaniya. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya 12.

Mahaifinsa James ɗan asalin Scotland ne. Ya yi sana'ar haɗa ƙafafun keken doki, ya yi noma, daga baya ya kafa injin sarrafa wani tsiro mai kama da rama da ake igiya da shi. Mahaifiyarsa Martha malamar makaranta ce 'yar asalin Ingila, kuma ta tsaya tsayin daka a kan karatun 'ya'yanta.

Gidan ba na masu hali ba ne, yara kan taya aikin gona da kiwo bayan an tashi daga makaranta. A 1886 babban rashi ya same su, inda ƙannensa biyu suka nutse a teku kusa da garin Havelock, ba a kuma ga gawarsu ba.

Kuɗin sakandare ya fi ƙarfin iyayensa. Ya zauna jarrabawar neman tallafi bai samu ba, ya sake zama ya samu, ya shiga Kwalejin Nelson a 1887. Wani tallafin ne ya kai shi Kwalejin Canterbury da ke Christchurch a 1890, inda ya fito da daraja ta ɗaya a lissafi da fiziks.

Bayan ya kammala ya nemi aikin koyarwa na dindindin a sakandare bai dace ba. Sai ya nemi wani tallafi na zuwa Turai yin bincike, wanda mutum ɗaya kacal ake bai wa a duk ƙasar. Ya zo na biyu. Wanda ya zo na ɗaya, wani masanin haɗa sinadarai mai suna James Maclaurin, ya janye saboda sharuɗɗan ba su dace da halin da yake ciki ba. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama: gurbin ya dawo hannun Rutherford. Ana ba da labarin cewa yana gona yana tonon dankali saƙon ya iso.

Daga Cambridge zuwa Kanada

A 1895 ya isa ɗakin bincike na Cavendish a Jami'ar Cambridge, ƙarƙashin J.J. Thomson. Ya zo a kan gaɓa. A ƙarshen shekarar Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a Jamus. A 1896 Henri Becquerel ya gano a Faransa cewa yuraniyam yana fitar da wani irin haske da ido ba ya gani. A 1897 kuma shi Thomson ya gano elektiron, ƙwayar da gudunta a cikin waya ke zama wutar lantarki.

Rutherford ya ɗauki yuraniyam, irin wanda ake haƙa yau a Arlit ta Nijar, ya riƙa rufe shi da fallayen alminiyam ɗaya bayan ɗaya, yana auna abin da ke ratsowa. Ya ga 'yan fallaye kaɗan sun tare wani ɓangare na hasken, wani ɓangaren kuwa sai ya ci gaba da wucewa. Ya kira na farko alfa, na biyu beta, daga haruffan Girkanci. Tun daga lokacin siraran fallayen ƙarfe suka zama abin aikinsa.

A 1898, yana ɗan shekara 27, ya zama farfesa a Jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada. A 1900 ya koma gida ya auri Mary Newton, 'yar matar da ya zauna a gidanta yana ɗalibi a Christchurch. Sun haifi 'ya ɗaya, Eileen.

A Montreal ne shi da Frederick Soddy suka nuna cewa sinadarai irin su toriyam suna rikiɗewa da kansu su koma wasu sinadaran daban yayin da suke fitar da wannan haske. Kafin nan masana sun ɗauka ƙwayar zarra ba ta sauyawa har abada. Ya kuma nuna cewa kowane irin sinadari mai wannan ɗabi'a yana da ƙayyadadden lokacin da rabinsa ke rikiɗewa, abin da ya zama ma'aunin gane shekarun duwatsu.

Wannan aikin ne ya ba shi kyautar Nobel a 1908, kuma a fannin haɗa sinadarai aka ba shi, abin da ya riƙa ba shi dariya tunda malamin fiziks ne. Sai dai babban aikinsa yana gaba.

Fallen zinare a ɗaki mai duhu

A 1907 ya koma Jami'ar Manchester, inda ya tarar da wani matashi Bajamushe, Hans Geiger. A lokacin Rutherford ya riga ya san abubuwa da dama game da ƙwayar alfa. Tana ɗauke da cajin lantarki irin na alamar tarawa. Ta fi elektiron nauyi fiye da sau 7,000. Tana gudun dubban kilomita a daƙiƙa ɗaya. Ba da daɗewa ba shi da Thomas Royds suka tabbatar da cewa ƙwayar hiliyam ce da aka raba da elektironinta.

Tunanin da ya fi karɓuwa game da ƙwayar zarra a lokacin na Thomson ne. A ganinsa ƙwayar kamar kankana take: cajin tarawa ya bazu ko'ina kamar tsokar kankana, elektiron masu cajin ɗebewa kuma suna warwatse a ciki kamar 'ya'yanta. Idan haka ne, ƙwayar alfa mai nauyi da gudu za ta ratsa siririn ƙarfe ta wuce abinta, sai dai ta ɗan karkace kaɗan.

Geiger ya yi ta auna wannan 'yar karkacewa. Zinare ya fi dacewa da aikin saboda babu ƙarfen da ya kai shi daɗin buɗawa, domin giram ɗaya ana iya buga shi ya rufe kusan murabba'in mita guda. Kaurin fallen da suka yi amfani da shi bai wuce santimita 0.00004 ba. Sai an jera irinsa sama da 100 kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Duk da haka akwai ƙwayoyin zarra fiye da 1,000 jere daga wannan fuska zuwa waccan.

Ba a ganin ƙwayar alfa da ido. Abin da ake gani shi ne ɗan walƙiyar da take yi idan ta faɗa kan wani allo da aka shafa wa sinadari mai ƙyalli. Mai ƙirga yakan zauna a ɗaki mai duhu har idonsa ya saba, sannan ya kafa ido a madubin ƙara girman abu yana ƙirga walƙiya ɗaya bayan ɗaya. Ido kan gaji da wuri, don haka karɓa-karɓa ake yi.

A 1909 Geiger yana koya wa wani ɗalibi ɗan shekara 20 aikin, mai suna Ernest Marsden, wanda ko digirin farko bai kammala ba. Rutherford ya ba da shawarar a ba yaron wani ɗan aiki nasa na kansa: ya duba ko akwai ƙwayoyin da ke dawowa baya idan sun bugi ƙarfe. Ba a sa ran zai ga komai.

Marsden ya duba, ya kuma gani. A kan ƙarfen filatinam, kusan ƙwaya ɗaya cikin 8,000 tana dawowa ɓangaren da ta fito. A siririn fallen zinare kuma kusan ɗaya cikin 20,000 tana yin babbar kwana. Shekaru bayan haka Rutherford ya kwatanta mamakin da ya yi da na mutumin da ya harba igwa a kan 'yar takarda, harsashin ya dawo ya same shi.

Ƙwayar gero a tsakiyar filin ƙwallo

Wani malamin zai iya cewa kuskuren ɗalibi ne, ko ƙura ce a na'ura, tunda ɗaya cikin dubbai ba komai ba ne. Rutherford bai yi haka ba. Ya yi fiye da shekara guda yana juya abin a ransa, yana lissafi.

Ranar 7 ga Maris 1911 ya gabatar da amsarsa a wani taron masana a Manchester, aka buga cikakken bayanin a watan Mayu. Ya nuna cewa tarin ƙananan karkacewa ba zai iya juyo da ƙwayar alfa baya ba. Dole karo ɗaya ta yi da wani abu mai nauyi da caji mai ƙarfi, wanda ya dunƙule a ɗan ƙaramin wuri.

Ma'ana, ƙwayar zarra tana da ƙwallo a tsakiyarta, kamar yadda dabino ke da shi, sai dai wannan ƙwallon ƙarami ne ainun. Da za a buɗa ƙwayar zarra ta kai faɗin filin ƙwallon ƙafa, ƙwallon tsakiyar ba zai fi ƙwayar gero ko ta dawa da aka ajiye a tsakiyar filin ba. Amma fiye da kashi 99.9 cikin 100 na nauyin yana cikinsa. Sauran filin kusan fayau yake, sai elektiron. Daga sunan wannan ƙwallo a harshen Latin aka samo kalmar nukiliya.

Wannan ya bayyana abin da Marsden ya gani. Yawancin ƙwayoyin alfa suna wucewa ta fili ba su kusanci komai ba. Wadda ta bi ta kusa da ƙwallo takan karkace, saboda caji iri ɗaya ture juna suke yi. Wadda ta nufe shi kai-tsaye kuwa sai ta ja birki ta juyo.

Rutherford ya fitar da lissafin da ke faɗin ƙwaya nawa za su karkace zuwa kowace kusurwa. Idan an ninka kaurin siririn falle, yawansu zai ninku. Idan ƙarfen mai babban caji ne kamar zinare, za su fi na alminiyam yawa nesa ba kusa ba. Idan kuma aka rage ƙarfin ƙwayar da rabi, yawan masu karkacewa zai ninka sau huɗu. Shi ya sa ƙwaya mai ƙarancin ƙarfi ta fi saurin watsewa a cikin ƙarfe.

Geiger da Marsden suka koma ɗakin duhu, suka ƙirga walƙiya fiye da 100,000. Sakamakon da suka buga a 1913 ya yi daidai da lissafin. A shekarar ce kuma Niels Bohr ɗan ƙasar Denmark, wanda ya zauna da su a Manchester, ya bayyana yadda elektiron ke zama a kewayen ƙwallon.

Yaƙi ya watsa ɗalibai

Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya ɓarke a 1914 ya tarwatsa wannan tawaga. Geiger ya shiga sojan Jamus, Marsden ya yi yaƙi a ɓangaren Birtaniya. James Chadwick, wanda ya je Berlin yin aiki da Geiger, an tsare shi a sansani har ƙarshen yaƙin. Henry Moseley, wanda ya nuna cewa yawan cajin ƙwallon tsakiya ne ke bambanta sinadari da sinadari, an kashe shi a Gallipoli ta Turkiyya a Agustan 1915 yana ɗan shekara 27.

Shi Rutherford an sa shi aikin gano jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku ta hanyar sauti. A ɗan lokacin da yake samu yakan koma ɗakin bincike, inda kusan shi kaɗai ya rage da mai kula da kayan aiki, William Kay.

A 1917 ya harba ƙwayoyin alfa cikin iskar naitirojin, wadda ita ce mafi yawa a iskar da muke shaƙa. Sai ya ga wasu ƙwayoyi suna fitowa masu dogon zango, waɗanda suka yi daidai da ƙwallon haidirojin, alhali babu haidirojin a cikin kwalbar. Ya buga sakamakon a 1919. A 1920 ya kira wannan ƙwaya furoton, ya bayyana ta a matsayin tubalin da ke cikin ƙwallon kowane sinadari. Ta fi elektiron nauyi kusan sau 1,836.

Wani ɗalibinsa, Patrick Blackett, ya kammala bayanin a 1925 bayan ya ɗauki hotuna kusan 23,000. Guda takwas ne kawai daga cikin dubban sawun da ya duba suka nuna abin da ke faruwa: naitirojin yana haɗiye alfa, ya tofar da furoton, ya koma oksijin.

Shugaban Cavendish

A 1919 Rutherford ya gaji malaminsa Thomson a shugabancin Cavendish. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai babbar murya da saurin fushi da saurin hucewa. Yakan zagaya ɗakuna yana tambayar kowa inda aikinsa ya kwana. Ya fi son na'urar da ɗalibi ya haɗa da hannunsa a kan mai tsada, kuma an san shi da rufe ɗakin bincike da ƙarfe shida na yamma don kowa ya je gida ya yi tunani.

A wata lacca a 1920 ya yi hasashen cewa akwai wata ƙwaya mai nauyin furoton amma marar caji. Shekara 12 aka yi ana nema kafin Chadwick ya gano ta a 1932. Ita ce niyutiron.

Ƙwayoyin alfa na da iyaka, domin abin da sinadari ya ga damar fitarwa kawai ake samu. Rutherford ya so a ƙera na'urar da za ta ƙara wa ƙwayoyi gudu yadda ake so. Matsalar ita ce, an ɗauka sai da miliyoyin bolt na lantarki furoton zai iya kutsawa cikin ƙwallo. Lissafin wani matashi ɗan Rasha, George Gamow, ya nuna cewa ko da ƙarfi kaɗan, wasu 'yan ƙalilan daga cikin furoton za su iya silalewa su shiga.

John Cockcroft da Ernest Walton suka ƙera na'ura mai 'yan dubu ɗaruruwan bolt. A Afrilun 1932 suka harba furoton a kan litiyam, ƙarfen da ake batirin waya da shi yau. Ƙwallon litiyam ya haɗiye furoton ya rabe gida biyu, ya zama ƙwayar alfa biyu. Rutherford da kansa ya durƙusa ya shiga ɗan akwatin da ake kallo, ya tabbatar da walƙiyar ƙwayoyin da ya raɗa wa suna shekara 33 kafin nan. Wannan ne karon farko da aka farfasa ƙwallon zarra da ƙwayar da na'ura ta ba gudu.

Chadwick ya samu Nobel a 1935, Blackett a 1948, Cockcroft da Walton a 1951. Soddy da Bohr sun riga su samu.

Inda hasashensa bai ci ba

A Satumban 1933, a wani taron masana a Leicester, Rutherford ya nuna cewa masu fatan samun wutar lantarki daga farfasa ƙwayar zarra mafarki suke yi. A ma'aunin na'urorin lokacin yana da hujja, don ƙarfin da ake kashewa wajen harbin ya fi wanda ake samu. Amma a Disambar 1938 Otto Hahn, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa a Montreal, shi da Fritz Strassmann suka gano cewa niyutiron yana raba yuraniyam gida biyu. Daga nan aka samu tukunyar nukiliya, aka kuma samu bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima a 1945.

A 1933 ɗin dai, da gwamnatin Hitler ta fara korar malamai Yahudawa daga jami'o'in Jamus, Rutherford ya shugabanci majalisar da aka kafa a Birtaniya don sama musu matsuguni da aiki.

Ya shugabanci Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, daga 1925 zuwa 1930. A farkon 1931 aka ba shi sarautar Lord, kwanaki kaɗan bayan 'yarsa tilo Eileen ta rasu bayan haihuwarta ta huɗu.

Ya rasu a Cambridge ranar 19 ga Oktoban 1937 yana da shekara 66, bayan tiyatar da aka yi masa saboda wani ɓangare na hanjinsa da ya shaƙe. An binne tokar gawarsa a majami'ar Westminster da ke Landan, kusa da kabarin Isaac Newton. Bai ga tukunyar nukiliya ba, bai ga bam ba. Yau hotonsa ne a takardar dala 100 ta Niyu Zilan, kuma sinadari mai lamba 104 sunansa yake ɗauke da shi.

Yadda zaren ya iso Samaru

Cikin matasan da suka zo Cavendish a zamaninsa akwai Norman Alexander, wanda aka haifa a 1907. Shi ma ɗan manoma ne daga Niyu Zilan, shi ma tallafin karatu ne ya kawo shi Cambridge a 1930, daidai lokacin da ɗakin binciken yake tashe.

A 1936 Alexander ya zama farfesan fiziks a Kwalejin Raffles da ke Singafo. Da Japan ta kama birnin a 1942 aka tsare shi a kurkukun Changi, inda ya yi amfani da iliminsa wajen haɗa wa fursunoni gishiri da sinadarin wanke rauni. A 1952 ya zo Najeriya a matsayin farfesan fiziks a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. A can matarsa Elizabeth, masaniyar duwatsu da ƙasa, ta rasu a 1958.

Lokacin da gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta yanke shawarar kafa jami'ar Arewa, Alexander aka ɗauko daga wata jami'a a Ankara ta Turkiyya. An haɗa kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, da makarantar koyon mulki ta Kongo, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da kwalejin da ke Kano wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero. Jami'ar ta buɗe ranar 4 ga Oktoban 1962 da ɗalibai 426. A 1966 Dokta Ishaya Audu ya gaje shi. Alexander ya rasu a 1997.

Shekara 42 bayan buɗe jami'ar, a 2004, aka kunna tukunyar nukiliya ta farko a Najeriya a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta ABU. Ƙarama ce ƙirar ƙasar Sin, mai ƙarfin kilowat 30, kuma ba don samar da wutar lantarki aka kafa ta ba. Aikinta fitar da niyutiron, ƙwayar da Rutherford ya yi hasashenta. Akan sa ƙasar gona ko dutse ko abinci a ciki, niyutiron ya buge su, hasken da suka fitar ya tona sinadaran da ke cikinsu ko da ɗan kaɗan ne. A 2018 aka sauya mata makamashi, aka cire yuraniyam mai ƙarfin da za a iya yin makami da shi aka mayar ƙasar Sin.

Abin da ake yi da dabarar a yau

Harba ƙwayoyi a kan siririn ƙarfe bai tsaya a 1911 ba. Furoton mai ƙarancin ƙarfi idan ya shiga ƙarfe abu biyu ke samunsa: elektiron suna rage masa gudu sannu a hankali, ƙwallayen tsakiya kuma suna karkatar da shi. Wanda ya iya auna waɗannan biyun zai san kaurin ƙarfen da abin da ke cikinsa ba tare da ya yanka shi ba.

Da haka kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta suke auna siraran shimfiɗun da ke kanta, kuma hanyar auna ƙwayoyin da ke dawowa baya sunan Rutherford take amsawa har yau. A 1967 kumbon Amurka Surveyor 5 ya yi amfani da ƙwayoyin alfa masu dawowa wajen gane sinadaran ƙasar duniyar wata. A Najeriya akwai na'urar ƙara wa ƙwayoyi gudu mai irin wannan aiki a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife.

A asibiti ma haka. Furoton yana sauke mafi yawan ƙarfinsa ne a daidai inda zai tsaya, don haka a 1946 Robert Wilson na Amurka ya ba da shawarar a yi amfani da shi wajen ƙone ƙarin daji ba tare da an yi wa naman da ke bayansa lahani sosai ba. Da yake zaren furoton siriri ne, a cibiyoyi da dama sai an bi da shi ta fallen ƙarfe ya bazu kafin ya rufe faɗin ƙarin.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da Rutherford ya nufa lokacin da ya ba ɗalibi ɗan shekara 20 aikin duba abin da ba a sa ran gani. Tsakanin wannan gwaji da na'urorin da ke cin moriyarsa an yi shekaru gommai. Wanda zai auna binciken 1909 da ma'aunin ribar shekara ɗaya, da ya ce a rufe ɗakin.

Abin da aka kashe kafin a samu Rutherford kaɗan ne: tallafin karatu uku da aka biya a kan lokaci, da malamai masu sauraron ɗalibi, da ɗakin bincike mai kayan aiki. A kowace shekara yara 'ya'yan manoma daga Giwa da Soba da Makarfi suna shiga ajin fiziks a Samaru, kuma waɗannan abubuwa ukun ne su ma suke buƙata.